Selom Bai Je Gabon Ba

Shafi na 23

Na ga saƙonninku duka. Masu cewa ina ja musu rai, yau ku gyara zama. Ke kuma da kika rantse Edem ne mugun labarin nan, 'yar'uwa, ki shirya ba shi haƙuri.

*

Jirgin yana sama, ɗan ƙaramin abu mara matuƙi da bai fi farantin tuwo girma ba, yana kuka kamar ƙudan zuma a kan tekun garinsu. Duk abin da idonsa ya gani yana saukowa kan kwamfutar da Dakta Yayra ta ajiye a ƙarƙashin rumfa.

"Ga ta nan!" in ji Edem, abokin aikinta, har da buga teburi. "Dakta, kin gani? Ya kama ta tun kafin ta gama buɗewa."

Ta gani. A tsakanin raƙuman ruwa masu farin kumfa akwai wata baƙar hanya, ta kwanta lumui kamar an share ta. Wanda bai sani ba, nan zai zaɓa ya yi wanka, don nan ruwa ya fi kwanciya. Alhali nan ne jan ruwa yake, inda teku ke mayar da ruwansa ciki da ƙarfi, ya tafi da duk wanda ya samu. Kwamfutar ta shafe hanyar da jan launi.

Aikin da ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai ke nan, koya wa na'ura gani. In ta ga jan ruwa ta shafa masa ja. In ta ga kan mutum a ciki ta zana masa ɗan akwati, ta yi ƙara. Yau da la'asar za a nuna wa gari a babban allo. An jera kujeru, an ce magajin gari zai zo, da shugabannin masunta. Mahaifiyarta kuwa, Dada, tun da sassafe take gugar sabon zanenta.

"Kujerar gaba nake so," ta ce mata da za ta fito. "Kuma ki sa a ɗauke ni hoto. In yayanki ya dawo daga Gabon, ya ga abin da ƙanwarsa ta zama."

Edem ya saukar da jirgin a kan rairayi, ya ɗauko shi yana hure masa yashi.

"Saura abu ɗaya. Na samo mana abin da za mu rufe taro da shi."

"Edem, ba na son ƙari yau. Abin da muka shirya ya isa."

"Haba likitar teku, wadda ba ta taɓa jiƙa ƙafarta ba. Ki duba kawai. In bai yi miki ba, ni da kaina zan shiga ruwan in zama misali."

Ta harare shi. Ya yi dariya ya jawo kujera.

"Kin tuna kwalin tsofaffin kaset da ɗan marigayi mai hoto ya ba mu? Na biki, na jana'iza, na coci? Na juye su duka, na bar kwamfuta ta bi su. Ba komai, ba komai, sai a ɗaya ta fasa ƙara. Dakta, shekara da shekaru abin nan yana cikin kwali, ba idon da ya lura."

Ya danna.

Hoton ya fito da dishi-dishi, launinsa ya koɗe. Mawaƙan wata coci ne daga Lome, sun zo shan iska bakin teku, sanye da farare, sun juya wa ruwa baya suna waƙa da tafi. A ƙasan hoton akwai kwanan wata. Litinin ɗin Ista. Ta ƙara duba shekarar. Tana da shekara biyar a lokacin.

Kowa a gidansu ya san wannan ranar. Ranar da yayanta Fo Selom ya bi jirgin ruwa zuwa Gabon ba sallama.

"Ki bar mawaƙan," in ji Edem. "Ki dubi bayansu."

Can nesa, a bayan kafaɗar wata mai tafi, kwamfutar ta shafa ja. A cikin jan ta zana ɗan akwati. Ƙarami ƙwarai. Wani ɗigo baƙi yana nutsewa yana tasowa.

Sai wani saurayi ya keto a guje ta bayan mawaƙan. Ya wuce dab da su, ya waiwayo sau ɗaya, bakinsa a buɗe yana kiran wani.

"Tsayar."

"Ai ba a zo wurin ba tukuna..."

"Na ce ka tsayar!"

Ya tsayar.

Fuskar nan ta san ta fiye da tata. Ita ce a rataye a falonsu, sama da rediyo, Dada na goge gilashinta duk ranar Lahadi. Wushiryar nan. Kunnuwan nan da suka ɗan buɗe.

"Dakta, lafiya?"

"Ci gaba," ta ce. Muryar ba tata ba ce.

Saurayin ya watsar da takalmansa, ya faɗa ruwa. Ba a jima ba kwamfutar ta zana akwati na biyu. Akwatin babba ya bi ƙaramin, ya bi shi, har suka haɗu. Ruwa yana tafiya da su ciki tare, mawaƙa suna ta tafi. A gefen hoton wata mata ta bayyana a bakin ruwa, ta ɗora hannu biyu a ka, tana tsalle a wuri ɗaya.

Nan kaset ɗin ya yanke, ya koma wani bikin aure.

"Kin ga?" Edem ya ce a hankali. "Mutum biyu, daga nesa haka, a tsohon kaset. Ban san ko sun fita ba, Allah ya sa sun fita. Amma in mutane suka ga wannan, ba wanda zai sake cewa wasan yara muke yi da jirgi."

Edem ɗan Kpalime ne, cikin duwatsu. Bai san kowa a garin nan ba sai waɗanda ta nuna masa.

Ta ce ya mayar baya zuwa wurin matar. Ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoton allon.

"Ina zuwa."

"Ina za ki? Masu lasifika suna hanya fa! Dakta! In saka shi ko kada in saka?"

Ba ta ji shi ba. Ta riga ta bi rairayi, takalmanta a hannu.

*

Hayaƙi ne ya fara tarbar ta. Tasi Akofa, ƙanwar marigayi babanta, tana tsaye a kan murhun banda tana juya kifi, mata biyu na taya ta.

"A'a! Dakta da kanta a cikin hayaƙi? Yau ba ranarki ba ce? Maza fita, kada ki je gaban magajin gari kina warin kifi, a ce danginki ne suka ja miki."

"Tasi, Fo Selom yana ina?"

Matan biyu suka ɗago.

Tasi ta ci gaba da juya kifi. "Ko gaisuwa babu?"

"Ina kwana, Tasi. Fo Selom yana ina?"

"Inda kika san yake."

"Wa ya raka shi jirgi?"

"Ai ba wanda ya raka shi. Guduwa ya yi. Yaran lokacin duk haka suke, Gabon, Gabon, kamar can ake raba aljanna."

"Wa ya gan shi yana shiga?"

"Yayra, me aka ba ki kika ci da safen nan?"

Ta miƙa mata wayar.

Tasi ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta nisanta ta daga ido irin na tsofaffi. Ta daɗe tana kallo. Kifi ya fara ƙonewa, ba ta juya ba.

"Ku je ku ɗebo min ɓawon kwakwa," ta ce wa matan, ba tare da ta dube su ba.

"Ai ga shi nan tuli, Tasi."

"Na ce ku je."

Suka fita. Ta jawo ƙyauren ganyen kwakwa ta rufe, ta zauna a kan kifaffen kwano.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Ke ce ko ba ke ba ce?"

"Wa ya ba ki?"

"Kwamfuta ce ta gani. A tsohon kaset."

Tasi ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Kwamfuta. Mutum ya riƙe bakinsa har haƙoransa suka zube, sai ƙarfe ya zo ya yi magana."

"Ya fita?"

Tasi ta mayar mata da wayar.

"Tasi, don girman Allah. Ya fita daga ruwan?"

"Bai fita ba."

Yayra ta dafa bangon murhu. Da zafi, amma ba ta ji ba sai daga baya.

"Gawarsa fa?"

"Teku bai mayar ba. Babanki ya bi gaɓa har iyakar Benin, ya dawo ya bi ta ɗaya gefen. Ya ce wa mutane ragarsa ce ta ɓata."

"Kuka ce Gabon."

"Muka ce Gabon."

"Kina zuwa gidanmu. Kina zama kina cin tuwon akume da Dada a kwano ɗaya. Tana ce miki ta yi mafarkinsa ya yi ƙiba, ya auri 'yar can, kina cewa amin!"

"Ina cewa amin."

"Duk wanda ya dawo daga Libreville, can Gabon, sai ta ɗaura zane ta je gidansu. Ni nake riƙe mata jaka, Tasi! Su ce mata sun ji labarin wani mai kama da shi a wajen masunta, ta dawo tana rawa a hanya. Ɗakinsa har yau ba a sa kaya a ciki ba. Baba yana kwance yana mutuwa tana ce masa ya daure Selom na hanya, ya juya fuska bango. Ashe abin da ya sa ke nan!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Waɗanne irin mutane ne ku?"

Tasi ta ɗago. Idanunta sun yi ja, ko na hayaƙi ne ko na wani abu.

"Kin gama?"

"Ban gama ba. Ɗan wa ya bi? Akwai yaro a ruwan kafin ya shiga. Ɗan wa ne, da har kuka zaɓi ku rufe mutuwar ɗanku saboda shi? Ɗan wani babba ne? Iyayensa sun sani? Suna garin nan suna wucewa ta ƙofar Dada suna gaishe ta?"

Tasi ta tsura mata ido. Kallon ta kawai take yi. Daga fuska zuwa ƙafa, daga ƙafa zuwa fuska.

Can bayan shinge teku yana bugun gaɓa, yana ja da baya, yana sake bugu.

"Tasi?"

"Ba yaro ba ne."

"To?"

"Yarinya ce."

Yayra ta ja da baya.

"Me ya sa ba kya shiga ruwa, Yayra? 'Yar masunci, jikar masunci. Sa'o'inki suna iyo kamar kifi, ke ko kumfa ya taɓa miki yatsa sai ki sandare. Kin taɓa tambayar kanki?"

"Haka aka halicce ni."

"Ba haka aka halicce ki ba. A da sai an ɗaure ki ake hana ki ruwa. Ni na sani, ni na yi renonki."

"A'a."

"Uwarki tana asibiti a Lome. Cikin da ya zo bayanki ya lalace, ta zubar da jini har likitoci suka ce a kira dangi. Da za a tafi da ita ta riƙe hannuna ta ce, Akofa, ga Yayra nan, kada ki bar ta ta je bakin ruwa. Na ce to. Ranar Ista baƙi suka zo da ganguna, kika yi ta kuka sai kin je kallo. Na kai ki. Na tsaya ina kallon rawa. Waƙa ɗaya, Yayra. Na juyo ba kya nan."

"A'a, Tasi. Da na tuna."

"Kin tuna mana. Jikinki ya tuna."

Sai ga shi ya taso mata, mafarkin nan da take yi tun tana firamare, wanda ya bi ta har ƙasar Turawa inda ta yi karatu, har ta je wurin likita ya ce gajiya ce. Ba ta ganin komai a mafarkin sai sama, fari fat. Gishiri a hanci. Da wani hannu a ƙarƙashin haɓarta, mai ƙarfi, yana rawa.

Ta zame ta zauna a ƙasa, cikin toka da ɓawon kifi, da kayan da ta saka don magajin gari.

"Selom yana gyaran raga da babanku a can ƙasa," Tasi ta ci gaba. Yanzu maganar fita take da kanta. "Shi ya fara hango ki. Ya fi babanku gudu. Ya isa gare ki, ya riƙe ki, ruwa ya yi ciki da ku har na daina ganin ku sai in igiyar ruwa ta ɗaga ku. Ya yi ta ja da ke gefe, gefe, har ya kawo ki inda babanku ya iso da iyo. Ya miƙa ki."

"Sai me?"

"Babanku ya ce masa, riƙe kafaɗata. Ya ce, Papa, ka kai ta, ina bayanka."

Ta share hanci da gefen zane.

"Ya kawo ki ya ajiye a hannuna. Ya juya. Ba kowa."

Mawaƙan fa, Yayra ta so ta tambaya. Amma ta gan su da idonta. Sun juya baya, gangunansu sun rufe komai.

"Kin kwana uku jikinki kamar wuta. Ba kya cewa komai sai abu ɗaya, kina maimaitawa har na toshe kunne. Fo Selom ya ce kada in yi faɗa da shi, in kwanta. Fo Selom ya ce kada in yi faɗa da shi, in kwanta."

Yayra ta san waɗannan kalmomin.

Allunan gargaɗi da ta sa aka kafa a bakin teku makon jiya, tun daga gaban coci har wurin saukar kwalekwale, ita ta rubuta abin da ke jikinsu. Edem ya kawo mata dogon bayani irin na littafi, ta soke, ta rubuta layi ɗaya ba tare da ta yi tunani ba. In ruwa ya ja ka, kada ka yi faɗa da shi, ka kwanta. Edem ya tambaye ta a ina ta samo, ta ce haka kawai ya zo mata.

"Na ga allunanki," in ji Tasi. "Jikata ta karanta min. Tun ranar na daina bin hanyar, ta bayan kasuwa nake zagayawa."

Yayra ta rufe fuska da tafin hannu. Kukan bai zo da sauti ba, jikinta ne kawai yake girgiza. Tasi ba ta taɓa ta ba. Ta tashi ta sauke kifin da ya ƙone, ta dawo ta zauna.

"Me ya sa ba ku faɗa mata ba?"

"Da farko don kada ta mutu. Mace tana kwance da jinin wani a jikinta, ka je ka ce mata ɗanta na fari ya tafi? Babanki ya ce a bari ta samu ƙarfi. Ta dawo gida, ta tambaya, bakinsa ya ce Gabon. Ya ce a bari ta ƙara samun ƙarfi."

"Ta samu ai. Ta yi shekaru da ƙarfinta."

"Ta samu. Ranar da ya shirya faɗa mata, ya shigo ya tarar tana yi miki kitso, kina barci a cinyarta. Ya fito ya same ni a nan, a wurin nan da kike zaune. Ya ce, Akofa, in ta sani, duk ranar da ta dubi yarinyar nan, ruwa za ta gani. Ba za ta ƙi ta ba, amma ba za ta ƙara kallon ta kamar yau ba. Ya ce na rasa ɗaya, ba zan rasa wa ɗayar uwa ba."

"Ke kuma kika yarda."

"Ni?" Tasi ta nuna ƙirjinta. "Ni da aka ba amana na tsaya kallon rawa? Da gudu na yarda. Kada ki ɗauka don ke kaɗai na yi shiru. Har da tsoron idon uwarki."

Wata iska ta turo hayaƙin ya rufe su, ya wuce.

"Ba a yi masa addu'a ba," Yayra ta ce. "Ba a buga masa ganga ba. Ba a kira sunansa a coci ba."

"Duk Litinin ɗin Ista ina zuwa wurin kafin gari ya tashi. In zuba masa ruwan sanyi a rairayi, in ce masa ƙanwarsa ta shiga aji kaza, ta tafi jami'a, ta hau jirgin sama. Bana na ce masa ta dawo da wani abu mai tashi da ke gadin ruwa." Ta girgiza kai. "Ban san shi ne zai turo ki ba."

"Tasi, zan faɗa mata."

"Ba za ki faɗa ba."

"Ɗanta ne!"

"Ke ma 'yarta ce. Matar nan ta tsufa, jininta yana hawa, abin da ke tashe ta da safe shi ne wataƙila yau. Ki cire mata wataƙilan, me kika bar mata?"

"Gaskiya."

"Gaskiya! A ci da miya ko a ci gaya? Ki bari ta mutu tana jira, ya fi mata sauƙi. In ta je can shi zai tarbe ta, su daidaita tsakaninsu."

"Ni kuma fa? In koma gida yau in zauna a ƙarƙashin hotonsa, ta ce min in ya dawo, in ce amin? In zama ke?"

Maganar ta sami Tasi. Ta runtse ido.

"Eh," ta ce. "Ki zama ni. Da ciwo, amma ana rayuwa."

Daga nesa aka fara gwada lasifika a wurin taro, muryar wani tana cewa ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, iska tana kawo ta tana mayarwa.

Tasi ta buɗe ido.

"Kaset ɗin yana ina yanzu?"

Yayra ta ɗago kai.

"Na ce yana ina? Wa ya gani bayan ke?"

"Edem."

"Ɗan dutsen nan mai surutu? Kin ce masa ya ɓoye?"

Ta yi ƙoƙarin tuna abin da ta ce masa. Ina zuwa. Shi ke nan abin da ta ce.

Ta laluba wayar a cikin toka. Kafin ta nemo lambarsa, wayar ta fara ruri a hannunta. Edem.

"Edem, ka saurare ni, kaset ɗin nan kada ka..."

"Dakta, kina ina?" Ba wasa a muryarsa, ko kaɗan. "Ki zo yanzu."

"Me ya faru?"

"Mamanki ce. Ta zo da wuri, ta kawo mana abinci, ta ce tana so ta kama kujera kafin mutane su cika. Ina gwada babban allon. Ta ce in nuna mata aikin 'yarta kafin kowa ya gani. Dakta, ban san... ni dai na saka abin da ke kai ne."

Tasi ta miƙe tsaye. Kwanon da take zaune a kai ya mirgina gefe yana ƙara.

"Ta faɗi?" Yayra ta ce. "Edem, ta faɗi?"

"Ba ta faɗi ba. Ta tashi ta je gaban allon, ta sa hannu a kai. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta ce in sake. Tun ɗazu abin da muke yi ke nan. Ba ta kuka, ba ta komai. Dakta, wane ne yaron nan?"

"Kashe shi. Ka kashe allon!"

"Ta hana. Ta riƙe min hannu. Ga ta, ta ce in ba ta."

Aka ji motsi, wayar ta sauya hannu. Sai numfashi, a hankali, wanda Yayra ta sani tun tana cikin zane.

"Yayra."

"Dada..."

"Rigar da ke jikinsa ni na ɗinka. Ban gama kafa maɓallin wuya ba aka tafi da ni asibiti."

"Dada, ki zauna, ina zuwa, don Allah ki zauna."

"Na ga Akofa ma. Tana wurinki?"

Yayra ta dubi Tasi. Tasi tana girgiza kai, hannu biyu a haɗe, leɓunanta na motsi ba sauti.

"Tana nan."

"To. Ku taho tare." Muryar a kwance take, ba rawa, ba hawa. "Amma kafin ku taso, ke da kika iya na'urar nan, faɗa min abu ɗaya. Yaron nan Edem ya ce shi bai sani ba."

"Dada..."

"Ƙaramin akwatin nan da ɗana ya bi. Wane ne a ciki?"